Tagar da Ba Ta Rufuwa

A ofis Tsinke ake ce mata, don ga ta siririya, ga tsone ido in an taɓo ta. Aikinta gina ƙananan tagogin nan da ke faɗowa tsakiyar allon waya su tare mutum da tambaya. Manhajar kamfanin kuwa ta tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani ce, yawancin masu amfani da ita tsofaffi.

Rannan oga ya jawo kujera gefen teburinta, ya zayyana abin da yake so: taga mai neman izinin kwashe lambobin da ke wayar mutum. Maɓalli ɗaya tak, ƙato, kore shar, an rubuta "Na yarda". A danna gefe kada ta rufe, a danna komawa baya kada ta motsa.

"Oga, ina 'A'a' ɗin?" in ji Tsinke.

"Wa ya aike ki nemanta?"

"Haba oga! Mutum ya buɗe don ya ga maganin da zai sha, mu tare masa ƙofa? Babana ma duk abin da ya fi girma a allo shi yake dannawa, ido ya yi rauni."

"Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski."

"Aski na ji. Yankan kunne ne ba da ni ba."

Ta gina tagar tsaf, amma da maɓalli biyu, girmansu ɗaya kamar tagwaye. Da oga ya gani sai ya haɗe rai, ya ce ta zaɓa: ko ta cire na biyun, ko ta ajiye katin shiga ofis. Ta ji tsoro, ba ƙarya, don aiki ba a tsintarsa a titi. Amma haushin ya fi tsoron yawa. Ta zare katin daga wuyanta ta ɗora masa a kan kwamfuta.

Dogo, abokin aikinta, aka miƙa wa aikin. Layi biyu na rubutun manhaja ne gyaran, bai ko ɗago kai ya dube ta ba.

Tana tsaye a tashar mota manhajar kamfanin ta gwaji da ke wayarta ta sabunta kanta. Ta buɗe. Ga tagarta nan, launin da ta zaɓa, rubutun da ta tsara, maɓalli ɗaya. Ta danna gefe, shiru. Ta danna baya, ko gezau.

"Ni za ki tare?" ta ce.

Ta fito, ta dafe tambarin manhajar da babban yatsa, ta goge ta ɗungurungum. Sannan ta ɗaga wa mota hannu.