Bakwai Mai Karyayyen Kai

Gwaggo ta kutsa cikin zauren da jaka a hammata, mai gadi na bin ta yana cewa, "Mama, ba a shiga da abinci."

"Wa ya ce maka abinci ne?" in ji ta, ta wuce abinta.

Kwamitin majalisa ne ke sauraron jama'a kan ƙudurin da zai tilasta buga ranar lalacewar kayan gwangwani iri ɗaya, da tawadar da ba ta gogewa. Mai magana a gaba kuwa Alhaji ne mai sito, tsohon ubangidanta, bakin nan kamar an shafa masa zuma.

"Ranka ya daɗe, mu 'yan kasuwa tsoron Allah ya ishe mu doka."

Gwaggo ta yi tsaki. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin baya na sitonsa, daga ita sai auduga, maganin goge farce da hatimi: a goge tsohuwar rana, a buga sabuwa. Da maganin ya cinye mata ido, sai ya sallame ta da katan ɗin madara, yana rantsuwa sabon kaya ne. Jikarta ta sha, ta yi kwana tara a asibiti, har yau ba ta mayar da jikinta ba. A bakin gadon ne 'yarta ta juya gwangwanin ta ce, "Inna, me ya sa bakwan nan ba ta da kai?"

Hatimi ɗaya ne bakwansa ta karye, Gwaggo ce kuma ta karya ta da kanta. Tun ranar ta tsani Alhaji, ta tsani hannunta. Hatimin yana cikin jakarta yanzu. An sayi sabo an jefar da shi, ta tsince. Ta san in ta fito da shi har da ita za a riƙe. To, a riƙe.

Aka tafi hutun shayi. Magatakarda ya sanar cewa madarar shayin gudummawar Alhaji ce, aka yi ta tafi. Gwaggo ta lallaɓa teburin, ta ɗauki gwangwani ta miƙa wa wata 'yar jarida.

"'Yar nan, ara min idonki. Bakwan da ke ƙasa, da kanta?"

"A gutsure take, Mama. Lafiya?"

Tsohon kaya ne ke nan, bugun hannunta tun kafin a jefar da hatimin.

"Lafiya lau. Kar ki sha."

Alhaji ya hango ta, ya taho da fara'ar dole. "A'a, Gwaggo! Ya jikin yarinya?"

"Tana gaishe ka. Kai ba ka shan shayin ne?"

"Baƙin shayi nake sha, likita ya hana ni madara."

"Allah sarki."

Ta koma kujerarta ta ɗora jakar a cinya. Shugaban kwamiti na can yana juya cokali, har ya nemi a ƙara masa madara. Ba ta yi gaggawa ba. Sai da ta ji ƙarar kofinsa a kan faranti, ta tambayi 'yar jaridar ko ya shanye.

"Tas."

Sannan Gwaggo ta ɗaga hannu.