Gwiwoyin Lorcan Tohill

A Belfast ta wancan zamani, idan 'yan bindigar unguwa za su harbi mutum a gwiwa, aiko masa suke yi da rana da wuri, ya kai kansa da ƙafarsa. Mutane kuma sun saba, har suna yaba tsarin.

Lorcan Tohill marubucin waƙoƙi ne da Dublin ta ƙi bugawa, Landan kuwa ba ta san da shi ba. Laifinsa, ya miƙe a mashaya ya karanta waƙar makokin wani mai rabon burodi ɗan ɗarikar Furotesta, ɓangaren abokan gabarsu, wanda bam ɗin 'yan unguwar su Lorcan ya yi kaca-kaca da shi. Washegari aka ba shi zaɓi: jirgin ruwa zuwa Ingila ba dawowa, ko lungun bayan shagon nama ranar Asabar da hantsi.

Yayarsa Nuala ta haɗa masa akwati, ya zazzage. Ya taɓa zaman Liverpool yana dakon bulo, ko baiti ɗaya bai fito masa ba. Ya ce gara gurgu a titinsu.

Sai maƙwabta suka zo da alheri. Wata tsohuwa ta ce ya sa tsohon wando mai faɗi, mahauci ya aiko da kwalbar wiski, wani ya yi alkawarin kiran motar asibiti tun kafin a harba. Ko mutum ɗaya bai ce kada a yi ba.

Ranar Asabar Lorcan ya sa sabon wandonsa na zuwa coci, ya nufi lungun. Mutum biyu ya tarar, fuska a rufe, amma ya gane muryar Dessie, abokin karatunsa.

"Kwanta rub da ciki, sarkin waƙa. Da sabon wando ka zo? Ai Nuala ce za ta ƙarasa ka."

"Ka ma ji waƙar, Dessie?"

"Ina ruwana da waƙa."

"Sunansa Norman Orr. Shi ke kai wa babarka burodi."

Harsashi ya shiga ta bayan gwiwa, ya fito da ƙashi. Lorcan ya gartsa wa ƙasa haƙora, jini na malala cikin kwata, ya sake faɗin sunan. Dessie ya harbi ɗaya ƙafar, ya tsallake shi ya wuce.

Motar asibiti na jira a kwanar titi tun ɗazu. Mata suka fito da barguna, suna cewa yaran sun kyauta da ba su taɓa jijiya ba. Nuala ta ture su, ta ɗora kansa a cinyarta.

"To, ga shi ka zauna a titinku," ta ce. "Maimaita min sunan mai burodin, in riƙe."