Kofi Na Huɗu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron raga, ina kallon ƙeyar 'yan baya huɗu. Babbansu Yeom Gil-ho ne. Da ya ce "Gaba!" sai su taka tare, a kama ɗan wasan abokan hamayya da satar gida. Sau ɗaya tak Bang Deok-su, ƙaraminsu, ya makara da taku guda. Aka zura mana ƙwallon da ta jefa ƙungiyarmu ƙaramin rukuni, shi kuma ya rataye takalma yana da ƙarfinsa. Ba wanda ya zarge shi sai shi kansa.

Mutanen nan ko kushewa a jere suka saya, a gefen dutse. Uku sun shiga nasu, gurbin Deok-su ne kawai babu kowa.

Bara, gab da bikin kaka, muka hau yanke musu ciyawa, ni da shi, da rana tsaka. Muka ajiye busasshen kifi da tuffa, na zuba giyar soju, muka durƙusa sau biyu kamar yadda ake yi wa mamata. Da na ɗago na ga aikin da na yi: kofi huɗu na jera. Hannu ya saba ƙirga huɗu, tsufa kuma ba ya shawara da kowa.

Deok-su ya yi dariya, ya ce ashe na gaji da ganinsa. Ni ko murmushi ban yi ba, don uku daga cikin kofunan sun bushe ƙaf.

Sai muka ji muryar Gil-ho, a dashe kamar kullum: "Gaba!"

Gabanmu gangare ne mai tsayin bene uku. Deok-su ya miƙe, ya ɗaga hannun dama, ya leƙa gefe yana daidaita layi, ya jefa ƙafa. Na yi tsalle irin wanda na manta da shi, na cafke ƙugunsa, muka zube cikin ciyawa. Na ƙi sakinsa.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka sake sa ni makara."

Jiya na buga masa waya kan yankan ciyawar bana. Ya ce in huta da gwiwoyina, shi kaɗai zai hau.