Muryar Mai Rediyo

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta."

To, ku matso kusa. Wannan ba a daji aka yi ta ba, a bayan katangata aka yi ta.

Ina cikin shanya na ji ana ƙwanƙwasa katanga da ƙarfe, ƙwas, ƙwas. Haka maƙwabcina Mai Rediyo yake kirana tun da ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya. Na zagaya, na same shi a ɗan shagonsa na ƙofar gida, ya rungume wani dunƙulen ƙarfe baƙi mai tsatsa, kamar wanda aka miƙa wa jariri.

"Malam, wannan kuma gawar mece ce ka kwaso mana?"

Ya yafuto ni, na kai kunnena bakinsa.

"Gidan Rediyo, rage sauti." Sunan da ya raɗa mini ke nan, wai ni ba a kashe ni, kuma ba a ɗauke mini wuta. "Taransifoma ce. Daga cikin amfilifayar wani tsohon gidan silima na ciro ta, a wurin mai sayen tsoffin ƙarafa. Saura ƙiris ya fasa ta don jan ƙarfen cikinta."

"Kai da likita ya ce ka kwanta?"

"Kwanciya tana nan tafe, doguwa ma. Magana nake so in yi da yayarki."

Matarsa yake nufi, wadda nake kira Yaya. Ita kunne ne ya tafi ya bar ta, sai an yi ihu take tsintar magana, idonta kuma ya daina ganin rubutu. 'Yarsu ta aiko mata da ɗan abin ji na saƙalawa a kunne, ta ce fito yake mata kamar tsanya, ta jefa shi a kwalla. To ga miji ba murya, ga mata ba kunne, ɗaki ɗaya, gado ɗaya. Mutanen da a dā sai mun buga musu katanga don hira da musu, yanzu sai nuni da hannu kamar baƙi a tasha. Kuma shi ya san abin da likita ya gani a wuyansa.

Ya ce zai haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, irin ta dā, mai kwalaben wuta, don su ya sani tun yana saurayi, kuma yana da ragowarsu a akwati, naɗe cikin tsumma. Kwalaben su ke ƙara wa murya ƙarfi, in ji shi, amma lasifika ba ta karɓa daga hannunsu sai ta hannun wannan taransifoma. Ita ce ya rasa, ga shi kuma ya samu.

Na ga aiki, jikokina. Ya shanya ta a rana don ta fitar da danshi. Wayoyinta duk sun koɗe, ba ja ba kore, sai da ya bi su da mitar gwada wuta ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaura wa kowace zaren da ya tsinko daga kwandon ɗinkin Yaya. Tsohon tire na ƙarfe ya kife ya huhhuda, ya jera kwalaben a kai. Hannunsa rawa yake, don haka ni ke riƙe masa waya yana narka dalma, hayaƙin yana sa shi tari har sai ya dafa benci.

Yaya takan leƙo da shayi, ta yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa. "Wannan tsoho da taurin kai! Bola ta ƙare a gari sai a shagonka?"

Shi kuwa sai ya kashe mini ido.

Ranar da ya gama, da yamma ne. Ya jona babbar lasifika mai akwatin katako, ya kunna, ya ɗaga wa Yaya hannu alamar a jira abin ya yi zafi. Sannan ya kai makirufo bakinsa.

"Kunnen Ƙashi."

Sunan tsokanar da yake kiran Yaya da shi ke nan tun dā. Raɗar nan ta fito ta cika shago, mai kauri, mai taushi, kamar muryarsa ta dā ce ta dawo daga tafiya. Kofi ya suɓuce daga hannun Yaya.

"Wa ya kira ni?"

"Mijinki mana. Ko kina da wani?"

"La ilaha! Malam, kai ne?"

"Ni ne. Shayinki ba sukari. Na daɗe ina faɗa, ba kya ji."

"Ka ji shi ko! An ba shi baki, da ƙorafi ya fara. Likita ne ya hana, ba ni ba!"

Tana dariya, hawaye na bin kumatunta. Kafin ka ce kwabo, mai wanki da mai faci da masu wucewa sun cika ƙofar shago. Mai Rediyo ya dube su, ya dube ni, ya ce a makirufo, "Sauran maganar ba ta bakin titi ba ce. Gobe, a ɗaki." Ya kashe.

Da gari ya waye ya kasa tashi. Yaya ta ce to, in shi bai je wurin abin ba, abin zai zo wurinsa. Akwatin lasifika ya fi ƙarfinta, sai ta zare wayarsa, ta fara ɗauko tiren kwalaben da makirufo, ta ajiye a kan tebur, ta jona. A tunaninta ya riƙa yin zafi kafin ta samu mai kama mata akwatin, tunda ta ga jiya an jira. Sai kuma ta ce bari ta gwada. Ta hura makirufo, shiru. Ta murɗa sauti har ƙarshe, ta bubbuga, ta yi ta kiran "Malam! Malam!" a ciki.

Shi yana kan gado a bayanta, yana ɗaga hannu, yana buɗe baki. Ya jefa matashi, bai kai ba.

Ƙauri ne ya kawo ni. Na tarar da hayaƙi siriri yana fita daga taransifomar, na fizge filogi. Na durƙusa gefen gado, ya raɗa mini.

"Irin wannan ba a kunna ta babu lasifika. Ƙarfin in bai samu hanyar fita ba, ciki yake komawa ya ƙone waya. Da ita na so in gaya wa yayarki sauran maganar yau." Ya huta. Ya riƙe mini hannu. "Ki ce mata tsufa ne."

Na miƙe na ɗaga murya. "Yaya, ya ce ƙarfen ne ya tsufa! Dama kwanansa ya ƙare!"

"Ai na faɗa," ta ce, "kayan bola." Ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da gefen zaninta.

Ɗana ya zagaye masu tsoffin ƙarafa kaf, ba a samu irinta ba. 'Yarsu ta ce za ta aiko da lasifikar zamani. Ni kuma na ce, "Malam, faɗa mini a kunne, in faɗa mata."

Ya yi murmushi. "Gidan Rediyo, in na faɗa miki, ai unguwa na faɗa wa."

Ranarsa ta ƙarshe ina ɗakin, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargo. Ya kamo hannun Yaya, ya ɗora tafinta a maƙogwaronsa, ya danne da nasa. Ya fara magana da ɗan abin da ya rage masa. Na ɗauki takalmina na fita tsakar gida. Ya daɗe yana yi. Kafin rana ta faɗi ya cika, Allah ya jiƙansa.

Daga baya na tambaye ta, "Yaya, kin ji maganar?"

"Ban ji ba," ta ce. "Amma na ji motsinta a hannuna. Doguwa ce."

Lasifikar zamani ta iso washegari, tana nan a kwalinta. Shagon, wani tela ne a ciki yanzu. 'Yarsu ta yi ta roƙon uwar ta koma wurinta, ta ƙi. Ni ga ni nan, har yau ban gaya mata abin da ya ƙona ƙarfen ba, kuma ku ma ba za ku gaya mata ba.

Yaya kuwa, in yamma ta yi, takan zauna a ƙofar ɗaki ta ɗora tafinta a maƙogwaronta, tana neman motsin nan da ta ji a nasa. Sai ta faɗi wata magana a hankali, ta tsaya, ta girgiza kai, ta gwada wata.