Rabin Ƙwaya

Satina uku da fara aiki a ƙaramin asibitin unguwa, ina zaune gefen babban likita ina rubutu, sai ga Baba Tela ya shigo. Matarsa Iya na biye da shi tana dafa bango.

Likita ya ɗaura masa abin awon jini a damtse, ya duba, ya tsuke baki.

"Baba, wata uku kana kan magani, hawan jinin nan ko gezau. Anya kana sha kuwa?"

"Kullum bayan karin kumallo. Tambayi tsohuwar nan, ita ce 'yar sandan gidanmu."

"Yana sha," in ji Iya. "Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, ina jininsa zai sauka?"

Ita kuma jiri ne ya kawo ta. Da ta miƙe tsaye sai ɗaki ya juya mata, jiya ma saura ƙiris ta faɗi a banɗaki. Aka auna nata jinin, ya yi ƙasa sosai, alhali a katinta ba a taɓa rubuta mata magani ba.

Likita ya ce za a ƙara wa Baba ƙarfin magani, Iya kuma a tura ta babban asibiti a kwantar da ita a yi bincike.

Fara'ar Baba ta ɗauke. "Kwanciya kuma? Likita, shekara arba'in da ɗaya ba mu taɓa kwana a gida daban ba."

Iya ta kwance ƙullin bakin mayafinta tana neman takardar lambar wayar ɗansu. A cikin ƙullin na hango wasu fararen ƙwayoyi, duk rabi-rabi, yankan ya miƙe sambal. Da na ga likita ya jawo takardar turawa, sai na daure na yi magana.

"Iya, wannan fa na mene ne?"

"Rabona ne, 'yar nan."

"Rabon me?"

Baba ya gyara zama. "Na maganina mana. Ni in riƙa shan abin ƙarin lafiya ita tana kallo? Ko ƙwai ɗaya muka samu rabawa muke. Da almakashina nake yankawa, ba a cuci kowa ba."

Likita ya ajiye biro ya yi dariya har da share hawaye. Sannan ya nuna ni da haɓa. "Ke kika gano, ke za ki yi bayani."

Idona na kan tebur na ce, "Baba, rabi bai ishe ka ba, shi ya sa naka ya ƙi sauka. Iya kuma jininta lafiya lau yake, maganin ne ke saukar da shi har take jiri. Daga gobe ka sha guda cif, ita ko ɓalli kar ta taɓa. Iya, ki riƙa tashi a hankali, ki sha ruwa sosai. Bayan sati ku dawo mu sake aunawa, in jirin ya ƙaru kuwa kar ku jira."

"To kwanciyar fa?" in ji Baba.

Likita ya mayar da takardar cikin aljihun tebur.

Iya ta zazzage min ƙwayoyin a tafin hannu, ta karkaɗe mayafi. "Na huta. Da ma ɗaci gare shi kamar me. Don kar ransa ya ɓaci nake haɗiyewa."

"Au! Ba ke kike cewa yana sa miki ƙarfin jiki ba?"

"Malam, ai har rigar da ka ɗinka min hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo sai da na yaba. Tashi ka riƙe ni mu tafi gida."