Tiren Tagulla na Kaka Ermelinda

"Kifa shi a kanka," in ji Kaka Ermelinda.

"Haba Kaka, ai ya yi. Dubi yadda ya yi fari tas."

"Ni ma kaina ya yi fari tas, ka ga an sa ni a tanderu? Kifa kwanon a kanka. In ya bugu, ko ɗigo ba zai zubo ba."

Avelino ya dubi kwanon, ya dubi kakarsa. Minti arba'in ya yi yana dukan farin ƙwai da cokali mai yatsu, har kafaɗarsa ta sage. A littattafan da ya karanta, kuma ya karanta da yawa tun da a ɗakin karatu na garin Mapusa yake aiki, masoyi ba ya ja da baya in an gwada shi. Wani teku ya ƙetare, wani takobi ya tara wa ƙirji. Shi kwano kawai aka ce ya ɗaga. Ya ɗaga, ya rufe ido, ya kifa.

Abin ya sulalo gaba ɗaya, sanyi ƙalau, ya bi ta gashi, ya rufe tabarau, ya gangara cikin wuyan riga.

Kaka ba ta ko ɗaga kai daga kwakwar da take kankarewa ba. "Wane kwano ka ɗauka, malamin littafi?"

"Babban nan na kan teburi."

"Wanda na narka man shanu a ciki."

"Ai na goge shi da tsumma."

"Ya goge da tsumma," ta faɗa wa kwakwar. "Farin ƙwai da maiƙo ba sa ga-maciji, ja'iri. Sha biyu ka yi wanka da su, saura sha biyu. Kuma ba zan ƙara fasa ƙwai ko ɗaya don kai ba."

Saura kwana huɗu Kirsimeti. Bebinka, wainar nan mai hawa-hawa da Kaka ke gasawa da madarar kwakwa, ta cinye gwaiduwar ƙwai ashirin da huɗu, ta bar fararen a kwalba. Kowace shekara da fararen nan Kaka take yin suspiro: a buga su da sukari har su miƙe tsaye, a matsa su ƙanana a takarda, a busar a tanderu mai wuta kaɗan, su fito ba nauyi, suna narkewa a baki. Bana sai ga Avelino, wanda ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba, ya ce shi zai yi. Kaka ta dube shi ta saman tabarau, ba ta tambaye shi dalili ba. Duk ƙauyensu na Aldona an san dalilin, shi kaɗai yake zaton sirri ne.

Sunan dalilin Zita. Gida uku ne tsakaninsu, kuma shekara uku ke nan yana sonta. A shekarun nan ya rubuta mata waƙa sittin da ɗaya a wani littafi da yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, amma da baki abin da ya taɓa ce mata bai wuce "ina kwana" ba, sai wata rana da ya yi ƙarfin hali ya ƙara da "bas ɗin ya wuce". A watan Agusta mahaifinta Damaso ya rasu. Gidan da ke makoki ba ya yin kayan zaƙi a shekarar, maƙwabta ne ke kai musu, kowa da tirensa a rufe da ƙyalle. Wani zai kai tiren Kaka gobe. Ranar biyu ga Janairu kuma Zita za ta koma aikinta na jinya a Mumbai. In tiren nan bai yi magana a madadinsa ba, to sai wata shekarar, in wani likita mai mota bai riga shi ba.

Ya wanke kai, ya wanke kwano da ruwan zafi, ya dirje shi da lemun tsami kamar yadda aka umarce shi. Ya sake farawa. Sukari cokali-cokali, ba a zuba shi gaba ɗaya. A karo na biyu da ya kifa kwanon, ba abin da ya motsa. Ya tsaya da shi a ka, idonsa ya cika da hawaye, yana jin da an ba shi takobin ma a lokacin zai tara.

"To sauke, ba hula ba ce," in ji Kaka. Ta yafa mayafinta ta tafi coci, ta ce kada ya bari wuta ta yi yawa.

Ya naɗe takarda ya yi mazurari. Guda takwas na farko gwaji ne, sun fito farare, a karkace, wani kamar kashin kaza, wani kamar kunnen tsoho. Da hannunsa ya zauna, sai ya leƙa ƙofa, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu. Jan launin abinci ne, ya saye shi tun makon jiya a kasuwar Juma'a. Ya ɗiga a sauran, ya juya har ya yi ja wur, ya matsa su a siffar zuciya, guda ashirin, kowace da ƙwayar sukari mai ƙyalli a tsakiya. Awa biyu ya zauna a gaban tanderun kamar mai jiran haihuwa. A ransa ya riga ya ga komai: Zita za ta ɗaga ƙyallen, ta dafe ƙirji, ta dube shi, shi kuma ya sunkuyar da kai irin na wanda ya sha wuya a ɓoye. Har ya gwada sunkuyarwar sau biyu a gilashin tanderun.

Da la'asar Kaka ta dawo. Ta tsaya a kan zukatan da ya jera a faranti, ta daɗe tana kallo.

"Sun yi kyau," ta ce. "Bikin wa ake yi?"

"Na tiren gobe ne."

"Tiren gobe wane gida za shi?"

"Gidan su Zita mana."

"Gidan Damaso," in ji Kaka a hankali. "Wata huɗu matarsa Olinda tana sanye da baƙi. Ko tauraron takarda na Kirsimeti ba su rataya a ƙofa ba. Kai kuma za ka shiga musu da ja kamar mai kai lefe."

Sai a lokacin Avelino ya tuna. Ya je jana'izar, har da shi a masu ɗaukar akwatin. Damaso ne ya koya masa keke, yana biye da shi a guje a bayan coci. Amma kwana goma ke nan da yake shirin tiren nan, ko sau ɗaya bai tuna mutumin ba. Mutuwar uban yarinyar ta zame masa ƙofa kawai, da ya yi murnar samunta a buɗe. Ya dubi yatsunsa, launin ya kama su har ƙarƙashin farce.

"Kaka, ni ba mutumin kirki ba ne."

"Kai dai sakarai ne, kada ka ɗaga wa kanka daraja. Ina fararen can?"

"Waɗannan? Ai gwaji ne. Ko kare zai yi tunani kafin ya ci."

"Su za ka kai."

Washegari da hantsi ta sauko da tiren tagulla na aurenta, wanda aka zana sunanta a baya, wanda ba ta yarda ko a taɓa. Ta jera yankan bebinka da alawar kwakwa, ta sa munanan guda takwas a gefe, ta rufe da farin ƙyalle.

"Ka ajiye tiren ka taho. Ka ji ni? Ka bar shi can."

Ya ce ya ji. Hankalinsa yana kan yatsunsa, da suka ƙi fita ko da toka.

Olinda ta karɓe shi a ƙofa, ta sa masa albarka, ta tambayi gwiwar Kaka. Zita tana zaune a dakalin ƙofar gida cikin baƙar riga, ta rame. Kafin uwar ta shige da tiren, ta ɗaga gefen ƙyallen, ta ɗauki suspiro ɗaya, mai kama da kunnen tsohon. Ta juya shi a hannu.

"Wannan ba hannun Kaka ba ne."

"Nawa ne."

Ta gutsura. Cikin bai gama bushewa ba, ya manne mata a haƙori, sai da ta sa harshe tana fama. Avelino ya yi fatan ƙasa ta tsage.

"Baba ne ke buga mana ƙwan," ta ce bayan ta haɗiye. "Tun da safe za ka ji cokali yana ta ƙara a kwano. Nasa ma haka suke fitowa, a karkace, kuma ba mai ikon faɗa masa." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bayan hannu. "Me ya sami yatsunka? Yanka ka yi?"

Yana da ƙarya guda uku a shirye, ya tsara su a hanya. Ba wadda ta fito.

"Na yi wasu ne jajaye. Masu siffar zuciya. Guda ashirin." Ya kafa ido a takalminsa. "Da nan zan kawo su, Kaka ta hana. Na manta da Kawu Damaso, Zita. Kwana goma ina tunanin gidan nan ban tuna shi ba. Kuma na farko a kaina suka zube."

"A kanka."

"Har cikin riga."

Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Bai san ko dariya ce ko kuka ba, da alama ita ma ba ta sani ba. Da ta sauke hannun sai ta ce, "Zukata ashirin. Duk na Mama ne, ko akwai nawa?"

A nan ne ya kamata ɗaya daga waƙoƙi sittin da ɗaya ta kawo masa agaji. Abin da ya fito shi ne, "Damshin iska ne ke hana su bushewa."

Olinda ta fito da tiren, ta juye kayan, ta goge shi. "Wannan ai na auren Ermelinda ne. Ba ta taɓa fitar da shi ba. Ni kuwa ba na shiga gidaje yanzu, bare in mayar mata."

"Kawo in tafi da shi, Inna," in ji Avelino da sauri, yana murnar samun abin da zai iya yi daidai. "Kada a wahalar da kowa."

Har ya miƙa hannu, sai maganar Kaka ta dawo masa, da dalilinta gaba ɗaya. Tire irin wannan ba a ba ɗan aike, ɗan gida ke mayar da shi da kansa, ya zauna, a ba shi shayi. Tsohuwar da ba ta taɓa karanta littafin soyayya ko ɗaya ba ta gina masa gada, shi kuma ga shi yana ƙoƙarin ɗauke ta ya tafi da ita gida. Hannunsa ya tsaya a iska, ja wur, bai san ko ya ƙarasa ko ya janye ba.

Zita ta miƙe, ta karɓi tiren daga hannun uwarta, ta rungume shi a ƙirji.

"A'a, Mama, a bar shi. Ni zan kai wa Kaka gobe da yamma. Kai kuma, Lino, kada ka yarda a cinye jajayen nan, zan zo in ƙirga su da kaina."