Gajeruwar Motar Pa Tabe

A duk tashar Mamfe babu motar da ta kai ta Pa Tabe gajarta. Direbobin hanyar daji Kunkuru suke kiranta, a gaban idonsa, bai taɓa tanka musu ba.

Hanyarmu da damina kwari biyu ce da tudu a tsakani. Wanda motarsa ta fi tsayi shi ke ƙara wa kwarin zurfi, na bayansa kuwa sai cikin motarsa ya hau tudun ya zauna daram, tayoyi suna wulwulawa a banza. Shi ya sa kowace shekara masu jigilar koko, wanda ake cakulan da shi, suke cika mini gareji, wannan a ƙara masa sifirin, wancan a sa masa manyan tayoyi. Gasa ce ta wauta, na sha gaya musu, amma da ita nake ci, don haka ina faɗa ina ɗaure noti.

Pa Tabe kaɗai ne bai taɓa kawo tasa ba. Da ruwa ya yi ƙarfi sai ya ajiye ta a gindin mangwaro ya jira rani, sa'o'in 'ya'yansa suna kwashe lodi. Kowa ya ce rowa ce.

A watan Oktoba, ruwa bai ɗauke ba koko kuma ya fara fita, matarsa Ma Egbe ta rasu. Mu ba ma binne mutum a garin da ya zo ci-rani, ko da ya tsufa a cikinsa. Dole a mayar da ita Okambo, ƙauyen iyayenta, can ƙarshen hanyar dajin. Gawa tana ɗakin sanyi a asibiti, dangi sun tsayar da Juma'a. Ojong, wanda motarsa ta fi ta kowa tsayi, bakinsa kuma ya fi motar, ya je har gida ya ce shi zai kai ta. Pa ya yi godiya, ya ƙi.

Ran Litinin sai ga Kunkuru a ƙofar garejina.

"Ashu, ɗaga mini ita."

"Yau kuma, Pa? Shekara nawa ina binka da maganar nan?"

"A cikinta na kawo Egbe garin nan tana amarya. A cikinta zan mayar da ita, ni da hannuna."

"To me ya hana tuntuni?"

Ya shafa murfin ƙofar fasinja. "Gwiwarta. Ko a haka sai na zagayo na riƙe mata hannu take iya hawa. In na ɗaga, da me za ta je coci?"

Na ja jak na shige ƙarƙashin motar, don kada ya ga fuskata.

Na ƙara mata sifirin gaba da baya, na sa dogayen shokozoba da tayoyi masu kaushi. Inda 'yan gaggawa ke kashe kansu shi ne nan: in ka ɗaga mota, sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyi sai ta karkace, kowane rami kuma ya fizge maka sitiyari daga hannu. Na sauya sandar, na daidaita ta, na gwada har na gamsu. Ran Laraba Kunkuru ta miƙe, sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga.

Pa ya hau ya tayar. Direbobi sun taru a rumfar mai miyar ganyen eru da fufu da ke kallon garejin, suna ci suna leƙe. Ya kama sitiyari zai juya ya fita, sitiyari ya ce bai san zance ba. Tsohuwar mota ce, da ƙarfin damtse ake murɗa ta, ga shi yanzu tayoyi sun ninka nauyi. Hannunsa na hagu kuma tun da hawan jini ya buge shi bara bai koma daidai ba. Ya sa ƙirji ya danna, jijiyar wuyansa ta tashi, tayoyin suka ɗan motsa suka tsaya.

"Bari in ɗan huta," in ji shi.

A kan busasshiyar ƙasa ke nan. Na san a cikin laka ko kwana ɗaya ba zai iya sha ba, shi ma ya sani. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin aikin hannuna.

Magani ɗaya ne, a sa mata sitiyari mai famfon mai, wanda ko da yatsa ake juya shi. Babu shi a kasuwar Mamfe, kafin ya iso daga Duwala an yi biso an watse. Direbobinmu ma raina shi suke yi, sitiyarin mata suke ce masa, Ojong ne kan gaba.

Sai ga Ojong ya wanke hannu ya tsallako, ya ja ni gefe.

"Je ka kwance na motata."

"Na me?"

"Kai ma ka ji."

"Ojong, kai ne da sitiyarin mata? Ashe damtsen nan na ado ne?"

"Rufe mini baki ka ɗauko sifana. In ka gaya wa 'yan tasha sai na ƙone garejin nan."

'Yan tashar kuwa duk suna jinsa. Ba wanda ya yi dariya, sai daga baya. Na kwance na ɗaura wa Kunkuru. Haka motarsa ta zauna kan duwatsu a tsakiyar kakar koko.

Ran Juma'a muka ɗaure akwatin gawar a baya, muka lulluɓe da tamfal. Ni da 'yan'uwan Ma Egbe mata muka zauna kewaye da shi, suna waƙoƙin coci. Gaba kuwa Pa bai bar kowa ya shiga ba. A wurin da muke kira Cinye-Mota laka ta kai gindin ƙofa, na ji tudun yana shafar cikin motar. Ta gilashin baya ina ganin Pa, hannun dama a kan sitiyari, na hagun a cinya, yana bi da ita sannu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Muka fita.

Da la'asar muka shiga Okambo, mutane suka taso da kuka. Pa ya kashe mota, ya sauko, saura kaɗan ya faɗi don ƙafarsa ba ta saba da nisan ƙasa ba. Bai nufo wajen akwatin ba. Ya zagaya ta gaba, ya buɗe ƙofar fasinja, ya miƙa hannu.

Ya daɗe a haka. Na diro na tsaya kusa da shi.

"Ta yi mata tsayi, Ashu," ya ce, bai dube ni ba. "In mun koma ka sauke ta."

Na ce, "To, Pa."

Sannan ya rufe ƙofar a hankali, muka je muka kwance igiya.